Jinƙai, Adalci da Kula da Muhalli a Koyarwar Katolika: Tambayoyi da Amsoshi

Kusan kowane ɗan Katolika ya haddace ayyukan jinƙai tun yana ajin katekizim: ciyar da mayunwaci, shayar da mai ƙishi, gai da marar lafiya. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne jin paparoma yana maganar albashin leburori, da bashin da ake bin ƙasashe matalauta, da hayaƙin masana'antu, yana kuma cewa duk jinƙai ne ya kawo maganar. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan haka, har da waɗanda ake yi cikin jin haushi.

Me Ikilisiya take nufi da jinƙai? Tausayi ne kawai?

Tausayi ne da ya sa mutum ya tashi ya yi wani abu. A misalin da Yesu ya bayar a Luka sura 10, mutum uku ne suka ga wanda 'yan fashi suka yi wa jina-jina a hanyar Yariko. Firist ya gan shi, Balawe ya gan shi, kowa ya ratse. Basamariye ne ya tsaya, ya zuba wa raunukan mai da ruwan inabi, ya ɗaure, ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya kwana yana jinyarsa a masauki. Da safe ya bar dinari biyu, ya ce in an kashe fiye da haka shi zai biya. Ya ba da lokacinsa, da kuɗinsa, da alkawarin dawowa.

Ikilisiya ta tsara irin wannan aiki gida biyu. Bakwai sun shafi jiki: ciyar da mayunwaci, shayar da mai ƙishi, tufatar da marar sutura, saukar da baƙo, gai da marar lafiya, ziyartar ɗan kurkuku, binne matacce. Shida na farko daga Matiyu 25 aka ɗauko su, na bakwai daga littafin Tobit. Wasu bakwai sun shafi ruhu: ba mai shakka shawara, koyar da wanda bai sani ba, gargaɗin mai zunubi, ta'azantar da mai baƙin ciki, yafe laifi, haƙuri da mai cutar da kai, da addu'a domin rayayyu da matattu.

In mutum yana sadaka, me ya kawo maganar adalci kuma?

Domin akwai abin da ake bayarwa da sunan kyauta alhali hakkin mai karɓa ne. A ɗauki mai masana'anta da ya riƙe albashin ma'aikatansa wata uku, ko yake biyan su abin da ba ya kai su tsakiyar wata. Ranar biki sai ya tara su a layi, a raba musu kayan abinci, a ɗauki hoto. Ma'aikacin da ke cikin layin ya san nawa yake bi, matarsa ta sani, mai gidan hayarsa ma ya sani. A idon Ikilisiya mai masana'antar nan bai fara jinƙai ba tukuna, bashi ne a wuyansa bai biya ba.

Maganar tsohuwa ce ƙwarai. Waliyyi Yohanna Kirisostom, wanda ya rasu a shekarar 407, ya koyar cewa hana matalauta rabo daga dukiyarmu sata ce a gare su. Waliyyi Gregory Mai Girma, paparoma daga 590 zuwa 604, ya ce idan muka biya wa mabukata bukatarsu, nasu muke mayar musu, kuma abin ya fi kusa da biyan bashin adalci fiye da aikin jinƙai. Katekizim, wato littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika, ya kawo su duka biyun a sakin layi na 2446, tare da hukuncin Babban Taron Vatikan na Biyu na 1965: a fara cika abin da adalci ya wajabta, kada a miƙa wa mutum hakkinsa a ce masa kyauta ce.

A kan lada kuwa Littafi Mai Tsarki bai yi sassauci ba. Maimaitawar Shari'a 24 ta ce a biya ɗan ƙwadago kafin rana ta faɗi, domin shi matalauci ne, ransa na kan kuɗin. Yakubu 5:4 ta ce ladan masu girbi da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji. Katekizim ya sa zaluntar ɗan ƙwadago cikin zunuban da ke kuka zuwa sama, jeri ɗaya da jinin Habila. Da Paparoma Leo na 13 ya fitar da wasiƙarsa Rerum Novarum a ranar 15 ga Mayu, 1891, lokacin da masana'antun Turai ke cin ƙarfin leburori, ya ƙara wani abu da har yau ake buƙatar ji: don ma'aikaci ya amince da ƙaramin albashi saboda yunwa ko tsoro, wannan amincewar ba ta mai da albashin na adalci ba. Ya kuma kare hakkin ma'aikata na kafa ƙungiya.

To idan adalci ya tsaya daram, jinƙai yana da sauran aiki?

Yana da shi. Paparoma John Paul na 2 ya rayu ƙarƙashin mamayar 'yan Nazi da mulkin kwaminisanci a Poland, ya ga yadda ake farawa da neman adalci a ƙare da ramuwar gayya. A wasiƙarsa Dives in Misericordia ta 1980 ya ce adalci shi kaɗai bai isa ba, yana iya rushe kansa idan ba a bar ƙauna ta shiga ba. Waliyyi Toma Akwinas ya riga shi faɗa tun ƙarni na 13: adalci ba jinƙai mugunta ne, jinƙai ba adalci kuma lalacewa yake haifarwa.

Ko da gwamnati ta biya wa tsoho kuɗin magani har ƙarshe, ba doka da za ta sa wani ya zauna a bakin gadonsa ya saurare shi. Ɗan kurkuku ma haka. Wataƙila alƙali ya yi daidai da ya ɗaure shi, amma Matiyu 25 ba ta ce a ziyarci waɗanda aka ɗaure bisa kuskure kaɗai ba. Shi ya sa Paparoma Francis, tun Alhamis Mai Tsarki ta farko bayan zaɓensa a 2013, ya je gidan yarin ƙananan yara a Roma ya wanke musu ƙafafu. A 2018 kuma aka gyara sakin layi na 2267 na Katekizim, ya zamana Ikilisiya ba ta amince da hukuncin kisa ba, tana kuma neman a soke shi a ko'ina.

Yafiya na nufin wanda ya ci dukiyar mutane ya tafi da ita ke nan?

A'a. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, da Yesu ya sauka a gidansa, tashi ya yi ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zambata kuma zai mayar masa ninki huɗu. Katekizim a 1459 ya ce wanda aka yafe wa zunubi sai ya yi iya ƙoƙarinsa ya gyara ɓarnar da ya yi: ya mayar da kayan sata, ya wanke sunan wanda ya ɓata, ya biya diyya. Wanda aka cuta yana iya sauke ƙiyayya daga zuciyarsa, ya kuma ci gaba da neman hakkinsa a kotu. Duk malamin addinin da ya matsa wa wanda aka zalunta ya yi shiru da sunan yafiya, ya bar azzalumi yana cin karensa babu babbaka, ba koyarwar Ikilisiya yake bi ba.

Ta ina muhalli ya shigo cikin wannan magana?

Ta hanyar mai ƙishi. Idan ƙauye na shan ruwa daga kogi, aka buɗe wurin haƙar ma'adinai ko masana'anta a sama da shi, aka riƙa zubar da dagwalo a ciki, mai hali zai sayi ruwan gora, ko ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Wanda ba shi da hali zai ci gaba da ɗiban ruwan nan, ya dafa abinci da shi, ya yi wa jariri wanka da shi. Kifi ya mutu, masunci ya rasa sana'a, yara su fara ciwon da ba a saba gani ba. Ana iya aika musu da tankar ruwa, kuma aikin jinƙai ne na gaske. Amma wanda ya tsaya a tanka, bai tambayi abin da ake zubawa a kogin ba, ya yi kama da mai kwashe ruwa daga ɗaki ya bar rufin yana yoyo.

Wannan shi ne ƙashin bayan wasiƙar Laudato Si', wadda Paparoma Francis ya sa wa hannu a ranar 24 ga Mayu, 2015, watanni kaɗan kafin yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi. Ya ce a saurari kukan ƙasa da kukan matalauta tare, domin matsalar guda ce. Ya kira samun tsabtataccen ruwan sha hakkin kowane ɗan Adam. A watan Janairun shekarar ya je Tacloban a ƙasar Filifins, inda guguwar Haiyan ta 2013 ta kashe fiye da mutum 6,000 a faɗin ƙasar, ya yi Mas, wato babbar ibadar Katolika, cikin ruwan sama da iska tare da waɗanda suka tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska na kashe kusan mutum miliyan 7 a kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

Daga 8 ga Disamba, 2015 zuwa 20 ga Nuwamba, 2016, Ikilisiya ta yi Shekarar Jubili ta Jinƙai, wato shekara ta musamman ta neman gafara da yafiya. Ƙofa Mai Tsarki ta farko, wato ƙofar coci da ake buɗewa musamman domin Jubili, ba a Roma aka buɗe ta ba, a Bangui ne, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita. A cikin wannan shekara, ranar 1 ga Satumba, 2016, Francis ya nemi a ƙara kula da gidanmu na tarayya, wato duniya, a kan ayyukan jinƙai na jiki da na ruhu duka: na ruhu ta hanyar duban halitta da godiya ga Mahalicci, na jiki ta ƙananan ayyukan yau da kullum da ke karya ɗabi'ar ɓarna da son kai.

Ba Francis ne ya ƙirƙiro wannan don ya bi yayin zamani ba?

Ya ɗaga muryarsa fiye da na gabansa, amma ya tarar da hanya a share. Paparoma Paul na 6 ya yi gargaɗi a 1971 cewa ɗan Adam na iya halaka halitta da cin ta ba lissafi, shi ma ya halaka a ciki. John Paul na 2 ya naɗa Waliyyi Francis na Assisi majiɓincin masu kare muhalli a 1979, a saƙonsa na ranar zaman lafiya ta 1990 kuma ya kira lalacewar muhalli matsalar ɗabi'a. A zamanin Benedict na 16 aka shimfiɗa farantan sola a rufin babban ɗakin taro na Vatikan a 2008. Ita kanta ranar addu'a domin kula da halitta, wadda ake yi kowace 1 ga Satumba, Ikilisiyar Otodoks ce ta fara ta a 1989, Katolika suka bi sahu a 2015. Bayan rasuwar Francis a Afrilun 2025, Paparoma Leo na 14 ya ci gaba da maganar, wasiƙar gargaɗinsa ta farko, Dilexi Te, a kan ƙaunar matalauta take.

Ai littafin Farawa ya ce mu mallaki duniya. Ina laifin amfani da ita?

Babu laifi a noma, ko kiwo, ko haƙar ƙarfe. Amma Farawa 1:28 ba ita kaɗai take ba. A 2:15 an sa mutum a gonar Aidan domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. A Firistoci 25:23 Allah ya ce ƙasa tasa ce, mutane baƙi ne masu zama a wurinsa.

Dokar hutun ƙasa ta fi kowace nuna yadda abubuwan ke haɗe. Fitowa 23 ta ce a noma gona shekara 6, a ta 7 a bar ta ta huta, abin da ya tsiro da kansa matalauta su ci, abin da suka rage namun jeji su ci. Umarni ɗaya ya tattaro ƙasa, da talaka, da dabba. A Firistoci 19 an hana mai gona girbe gefen gonarsa ƙarƙaf ko komawa kala, domin rabon matalauci da baƙo ne. Katekizim ya sa girmama halitta a ƙarƙashin doka ta bakwai, wato “kada ka yi sata”, yana mai cewa ikonmu a kan halitta yana da iyaka saboda maƙwabci, har da 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna. Wanda ya cinye dajin da jikokinsa za su buƙata ya taɓa abin da ba nasa kaɗai ba.

Wannan ba fifita itatuwa da dabbobi a kan mutane ba ne?

Laudato Si' da kanta ta soki masu kuka kan fataucin namun daji suna yin shiru kan fataucin mutane. Ta ce kare halitta ba ya tafiya da goyon bayan zubar da ciki. Ta kuma ƙi yarda a ɗora laifin kan yawan haihuwar matalauta, alhali kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya zubar da shi ake yi. Halitta ba abin bauta ba ce, kuma mutum ne aka yi cikin kamannin Allah. Amma wahalar da dabba ba dalili ya saɓa wa mutuncin shi mai yin.

Mene ne “bashin muhalli”?

An saba jin ƙasashe matalauta na Kudancin duniya ne ake bi bashi. Francis ya juya lissafin, ya ce su ma suna bin ƙasashe masu arziki bashin ɓarnar muhalli. Ƙasashe masu arziki sun gina kansu da ƙona gawayi da man fetur sama da shekara 100, da ɗiban albarkatun wasu, da jibge musu shara mai guba. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 5 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, amma fari da ambaliya ba su raga mata ba. A wasiƙarsa Laudate Deum, wadda ta fito ranar 4 ga Oktoba, 2023, ya nuna cewa abin da mutum ɗaya ke fitarwa a Amurka ya kai kusan ninki 2 na mutumin Sin, kusan ninki 7 na matsakaicin ƙasashe mafi talauci.

Tushen maganar a Firistoci 25 yake, inda kowace shekara ta 50, wato shekarar Jubili, ake sakin Isra'ilawan da talauci ya kai su bauta, a mayar wa kowane gida gonarsa ta gado. A kan haka John Paul na 2 ya nemi a rage ko a yafe bashin ƙasashe matalauta kafin Jubilin shekarar 2000, Francis kuma ya maimaita kiran domin Jubilin 2025, ya ce batun na adalci ne kafin ya zama na karimci. A ganina wannan bai wanke shugabannin da suka ci bashin suka sace ba. Su ma Zakka ne abin koyinsu.

Wajibi ne ɗan Katolika ya yarda da duk abin da paparoma ya faɗa kan sauyin yanayi?

A bambanta abu biyu. Cewa halitta amana ce, cewa dukiyar ƙasa domin kowa aka yi ta, cewa a fara duba matalauci, wannan koyarwar ɗabi'a ce, ba a tsince ta a zubar. Amma wane haraji ya fi, wace fasaha ta fi, wace jam'iyya ke da tsari mai kyau, a nan Katolika na gari na iya saɓawa, kuma Laudato Si' ta faɗa a fili cewa Ikilisiya ba ta da'awar yanke hukunci a tambayoyin kimiyya ko maye gurbin siyasa. Sai dai mai saɓawa ya zo da hujja. Ƙin duba shaidar da masana suka tara domin kawai za ta taɓa aljihunka ba saɓanin ra'ayi ba ne.

Matar da ba ta da abin girki sai itace fa, zunubi take yi?

Wannan tambaya ta fi sauran nauyi a wurina, domin akwai wa'azin muhalli da ke sauka a kan wanda bai da zaɓi. Kimanin mutum biliyan 2 a duniya na girki da itace, gawayi, kashin dabbobi ko kananzir, kuma hayaƙin yana cin huhun mata da yaran da ke goye a bayansu kafin ya taɓa kowa. Matar nan tana cikin waɗanda ake cuta. Zunubi yana buƙatar sani da zaɓi, wadda kuwa za ta ciyar da 'ya'yanta da abin da ke hannunta ba ta da laifi. Tambayar ta koma kan masu iko da masu hali: me ya sa makamashi mai tsabta ya fi ƙarfinta? Wa ke sare daji tirela-tirela yana sayarwa? John Paul na 2 ya yi maganar “tsare-tsaren zunubi” a 1987, wato zunuban mutane da suka taru suka zama doka, ko kasuwa, ko al'adar ofis, har marar laifi ya rasa hanyar kauce musu. Wanda ya san sharar kamfaninsa guba ce, ya zuba domin ya rage kashe kuɗi, shi ne ke da abin furtawa a gaban firist, da abin gyarawa bayan ya fito.

Akwai waɗanda suka bi wannan koyarwa har ta ci ransu?

Akwai. Sista Dorothy Stang, haifaffiyar Amurka, ta je Brazil a 1966, ta shafe shekaru tana aiki da ƙananan manoma a dajin Amazon, tana taya su samun takardun gonakinsu da noman da ba ya cinye daji. Masu saran katako da manyan masu kiwon shanu na son ƙasar. Ranar 12 ga Fabrairu, 2005, a yankin Anapu na jihar Pará, 'yan bindiga biyu suka tare ta a hanya tana tafiya taron manoma. Wani da ya ga abin ya ce ta ciro Littafi Mai Tsarki daga jakarta ta karanta musu daga albarkun da ke Matiyu 5, sannan suka harbe ta. Shekarunta 73. Kotu ta ɗaure maharan da masu kiwon shanun da suka ba da kwangilar kisan.

Wannan kira na 'yan Katolika ne kaɗai?

Laudato Si' ta ce da kowane mai rai a doron ƙasa take magana. Da Francis ya je sansanin 'yan gudun hijira a tsibirin Lesbos na Girka a Afrilun 2016, ya dawo Roma da 'yan Siriya 12, dukansu Musulmi. A 2019 shi da Babban Limamin Al-Azhar, Ahmad al-Tayyeb, suka sa hannu kan takardar 'yan'uwantakar ɗan Adam a Abu Dhabi.

Ita kanta Ikilisiya tana aikata abin da take faɗa?

A wasu wurare sosai, a wasu kuwa da sauran tafiya. Taron bishop-bishop na 1971 ya yarda cewa duk mai son yi wa mutane maganar adalci sai ya fara zama mai adalci a idonsu. Makaranta ko asibitin coci da ke biyan malami, ko mai gadi, ko mai shara albashin da ba ya riƙe iyali, hukuncin Yakubu 5:4 ya hau kansa kamar yadda ya hau kan kowane kamfani. 'Yan majalisar coci na da damar tambayar yadda ake biyan ma'aikata da inda ake zuba kuɗin coci.

Daga ina mutum zai fara?

Daga bashin da ke kansa. Mai aikin gida, direba, lebura, wanda aka karɓi kayansa ba a biya ba: a biya su cikakke, a kan lokaci. Sai gida. Laudato Si' ta lissafa abubuwa masu sauƙi a sakin layi na 211: rage leda da takarda, tattalin ruwa, ware shara, dafa abin da za a iya cinyewa, shiga motar haya ko haɗa tafiya, dasa itace, kashe fitilar da ba a buƙata. Iyaye su yi a gaban yara, don a nan ɗabi'a ke kama.

Francis ya faɗa a Laudate Deum cewa ƙoƙarin ɗaiɗaikun mutane ba zai wadatar ba, manyan matakai daga shawarar gwamnatoci za su fito. Don haka ƙungiyar coci da ta saba kai abinci gidan yari ta tambayi mutum nawa ne ke zaune a ciki shekaru ba a kai su gaban alƙali ba, ta nemo musu lauya. Wadda ke haƙa rijiya ta kai ruwan a gwada, in an sami guba a bi sawunta, a rubuta wa hukumar da ta ba da lasisi, a je da shaida a hannu, a tafi da mutanen da ke shan ruwan domin su yi magana da bakinsu.